Rago Ɗaya a Bakin Tafki

Duk wanda ya taɓa sayen nama a unguwar Bani Malik ta Jidda kafin azumin bara ya san Mu'allim Na'ibi, ya kuma san tambayar da ake yi masa. Mace za ta tsaya a bakin shagonsa, ta nuna cinyar rago da ke rataye, ta ce, "Ido ya gani?" Shi kuma ko ɗagowa daga kan katakon sara ba ya yi, sai ya ce, "Ido ya gani." Ciniki ya faɗa ke nan. Ma'anar maganar, ko dai shi ya yanka dabbar da hannunsa, ko yana tsaye aka kwantar da ita ta fuskanci alƙibla, ya ji bisimilla da kunnensa, ya ga jini ya tsiyaye. Abin da idonsa bai gani ba, ba ya hawa ƙugiyarsa.

Maganar gado ce. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya shekara tara a hanya kafin ya ga Ka'aba, da ya gan ta kuma bai koma ba. Uban Na'ibi, Ubale, shi ya fara fawa a Jidda, shi ya koya wa ɗansa wasa wuƙa tun yana shekara bakwai, ya kuma bar masa wuƙaƙe uku a cikin jakar fata da waɗannan kalmomi uku. Na'ibi bai yi makaranta mai nisa ba. Yana karanta Larabci a hankali, yana bin layi da yatsa. Ya auri Mastura, 'yar Hausawan Sudan, mace mai baki, suka haifi 'ya ɗaya, Zakiya, suka aurar da ita. A shekara hamsin ɗin da ya yi a duniya bai taɓa wuce Madina ta arewa ba, bai taɓa wuce Ɗa'if ta gabas ba.

Yana da ɗan'uwa guda, na nono. Yana jariri, matar wani attajirin shinkafa ta kwanta ciwo bayan haihuwa, aka kawo jaririnta wurin Inna Maimuna, uwar Na'ibi, ta shayar da su tare shekara biyu. Sunan yaron Abdulghani. Ya girma ya yi karatu a Alƙahira, ya gaji ofishin ubansa, ya gina gida a Abhur a bakin ruwa, amma bai taɓa kiran Na'ibi da wani suna ba sai Yaya. Ranar da Inna Maimuna ta rasu, da shi aka ɗauki makara, yana kuka kamar yaro. Na'ibi bai manta wannan ba.

Wata Juma'a a watan Rajab na bara, Abdulghani ya aiko da mota aka kai Na'ibi Abhur. Bayan sun ci kifi da shinkafa, ya tsiyaya masa shayi da hannunsa.

"Yaya, Jidda ta cika ta batse. Tumakin Sudan da na Somaliya ba su isa. Ina so in fara kawo naman sanyi daga wata ƙasa can ƙarshen duniya, Nyuzilan, inda tumaki suka fi mutane yawa. Amma ba zan ciyar da Musulmi abin da ban sani ba. Ka je ka ga yankansu. In ya yi maka, mu kawo. In bai yi ba, shi ke nan, an bar maganar."

"Ni da ban taɓa hawa jirgi ba?"

"Shi ya sa za ka hau. Ka tafi da Ummu Zakiya, ta huta da hayaƙin murhu. Ku fara shan iska, ni ina nan tafe bayan kwana uku, mu shiga mayankar tare."

Na'ibi ya ji kansa ya yi girma. Ba tafiyar ce ta faranta masa ba, a'a, ganin da ya yi cewa mai ofishi da motoci har yanzu yana bukatar idon ɗan Ubale. Ya kwana biyu yana wasa wuƙaƙensa. Mastura ta tsaya a kansa tana kallo.

"Abu Zakiya, tumakin can da sulke suke yawo?"

"Ke dai ki haɗa kayanki."

Sun kwana biyu a hanya, jirgi yana miƙa su ga jirgi. Suka bar Jidda ana zafin da ke narkar da kwalta, suka sauka cikin sanyin da ya sa haƙoran Mastura kaɗawa. Wanda ya tarbe su wani dattijo ne ɗan Labanan, Hamad, wanda ya shekara ashirin a ƙasar, shi ne tafinta shi ne direba. Ya zo musu da riguna biyu na ulu masu nauyi kamar bargo, ya ce kyautar Shaikh Abdulghani ce.

Washegari ya kai su ƙasar da ke tafasa. Tun daga nesa warin farar wuta ya cika motar, kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai. Tururi yana fita daga ƙasa a gefen titi, a bayan gidaje, har a tsakanin kaburbura. Suka tsaya a bakin wani rami cike da taɓo, yana ɓulɓula, yana tsalle yana faɗawa.

"Wannan ai talge ne," in ji Mastura. "Saura a zuba gari a tuƙa."

Can gaba ruwan zafi ya yi ƙara ya tsarto sama, ya fi hasumiyar masallacinsu tsawo. Na'ibi ya ja baya yana neman tsari da wuta. Ita kuwa Mastura ta matsa kusa har sai da ya riƙo mayafinta. Ta ga matan wurin suna zura kwandon masara a cikin wani ɗan rami mai tururi, su ciro shi a dafe, ta ce da za a ba ta rami ɗaya ta kai Bani Malik, da ta yafe wa mai kananzir har abada. Rabon da Na'ibi ya ji ta tana dariya haka, tun Zakiya tana goye.

Kwana uku suka wuce, bai ce uffan ba a kan mayanka. Haka aka rene shi: baƙo ba ya tambayar mai masauki komai sai ya kwana uku, ya ci ya sha, sannan a yi maganar abin da ya kawo shi. A rana ta huɗu da safe, ya gyara murya.

"Ustaz Hamad, ɗan'uwana ya sauka?"

"Ya bugo waya. Aiki ya riƙe shi, sai jibi. Ya ce in kai ku kudu ku ga tafkuna, zai same ku a can."

"To mayankar fa?"

Hamad ya kalli titi. "Ya ce sai ya zo."

Na'ibi ya bar maganar. In ya matsa, kamar yana nuna wa bare cewa bai yarda da ɗan'uwansa ba ne, kuma wannan ba zai fito daga bakinsa ba. Suka tsallaka zuwa tsibirin kudu.

A can ya ga abin da ya ɗauka sai a Aljanna: tafki shuɗi kamar an zuba baba, ba iyakarsa, duwatsu sun kewaye shi da ƙanƙara a kawunansu. Ruwan daɗi ne, ba gishiri, kuma ba mai gadinsa, ba mai sayar da shi a garwa. Mutumin da ya girma yana jiran jakin mai ruwa a ƙofar gida, ya durƙusa ya ɗiba da tafin hannu ya sha, haƙoransa suka amsa. Rana kuma ta rikita shi, don da tsaka ta arewa take tsayawa. Ba don ɗan kamfas ɗin Hamad ba, da bai san inda zai fuskanta ya yi salla ba.

Tumaki kuwa ko'ina, fari fat a kan tuddai, masu ƙiba, ba makiyayi. Amma ko tsoka ɗaya ba su ci ba. Duk otal ɗin da aka kawo nama, Na'ibi ya ture farantin, su ci kifi da ƙwai da dankali.

"Kwana takwas," in ji Mastura. "Matar mahauci a ƙasar tumaki, ta zama kyanwa. In na koma me zan ce wa mata?"

"Ki ce kin ga ruwa."

"Na ga ruwa. Kai me ka gani? An ce ka zo ganin yanka, ga ka kana ganin agwagi. Abu Zakiya, ka tambayi mutumin nan da kyau."

"Jibi zai zo."

"Jibin nan ya fi Sudan nisa."

A rana ta tara Hamad ya ce Shaikh ya ji labarin ba su cin nama, ransa ya ɓaci, ya sa an sayi rago a wata gona a bakin tafki domin Mu'allim ya yanka musu da hannunsa. Na'ibi ya yi murna har ya kasa ɓoyewa. Ya ce wa Mastura, "Kin gani? Yana can amma hankalinsa yana nan." Ya tuɓe rigar ulu duk da sanyi, ya tsaya da farar jallabiyarsa, ya kwance jakar fata a karo na farko tun Jidda. Hamad ya nuna masa alƙibla. Akwai wani Bature da ya zo da na'urar ɗaukar hoto a kan ƙafafu uku, aka ce don tarihi ne. Ya ɗauki Na'ibi yana shafa wuyan ragon, ya ɗauke shi yana ɗaga wuƙa, tafki da duwatsun ƙanƙara a bayansa. Na'ibi ya yi bisimilla ya yanka, ya feɗe cikin ɗan lokaci, har mai gonar ya cire hularsa ya jinjina masa. Mastura ta shiga kicin ɗin matar gidan, ba su jin yaren juna, ta fito da barkonon da ta ɓoyo a cikin safa, ta yi musu farfesu.

Wuri na ƙarshe da aka kai su wani mashigin teku ne. Abhur ma haka yake, teku ce ta kutso cikin ƙasa, amma wannan kamar an ɗauki Abhur an jefa shi tsakanin duwatsun da suka ninka na Ɗa'if. Jirgin ruwansu ya zama kamar ƙwaryar goro a gindinsu. Ruwan baƙi wuluk, ba motsi, wani ruwan kuma yana zubowa daga kan duwatsu ta ko'ina, fari kamar an warware rawani. Da jirgin ya matsa kusa da ɗaya daga cikin magudanan, feshin ya jiƙa musu fuska, Mastura ta riƙe hannun mijinta a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Allah ya saka wa Abdulghani," ta ce a hankali. "Na janye abin da na faɗa."

A hanyar filin jirgi, ranar komawa, Hamad ya tsayar da motar a gefen titi. Ya daɗe yana murza sitiyari kafin ya ciro wata takarda daga aljihu.

"Mu'allim, na ci ragonka, ba zan bar ka ka tafi haka ba. Wannan ce takardar tafiyarku, daga ofishin Jidda ta zo tun kafin ku taso. Kwana goma sha uku, kowace rana da wurinta. Babu mayanka a ciki. Wadda ake magana ma a rufe take a wannan lokacin sanyi, sai an shiga bazara. Kuma ba a taɓa ce mini in kama wa Shaikh ɗaki ba."

"Gonar fa?" in ji Mastura. "Da mai hoto?"

Hamad ya sa yatsa a kan layi na tara. "Ga su nan."

Na'ibi ya karɓi takardar, duk da ba ya karanta rubutun Turawa, ya juya ta, ya mayar.

"Yana da dalilinsa," ya ce.

Da suka dawo ya je ofis sau uku, ana ce masa Shaikh ya yi tafiya. A na ukun ya bar saƙo a wurin magatakarda, ya sa shi ya rubuta yana kallo: Ban ga yanka ba. Kada a kawo komai da sunana. Ya koma shagonsa. Mastura tana ba mata labarin talgen da ke dafa kansa, shi kuwa in an tambaye shi, sai ya ce ƙasa ce mai sanyi.

Saura kwana biyar a ɗauki azumi, Hajiya Saudatu ta zo. Tsohuwa ce da ta saya a hannun Ubale kafin ta saya a hannun ɗansa. Ba ta nuna ƙugiya ba, sai ta ajiye masa gefen wani kwali a kan katako, yana ɗigar ruwan ƙanƙara.

"Ɗan Ubale, ashe ka zama babban mutum ba ka gaya mana ba. Jikana ya sayo mana a baƙala, kantin unguwa, rabin kuɗin naka. Da farko na ƙi taɓawa, sai na ga fuskarka."

Shi ne a jiki, da farar jallabiya da wuƙar ubansa, ga tafki ga duwatsu. A ƙasa an rubuta da jan Larabci. Ya bi layin da yatsa: Yankan Mu'allim Na'ibi. Ido ya gani.

"Kun ci?" ya tambaya.

"Tun shekaranjiya. Na ma yi sadaka da shi. Lafiya?"

Ya rufe shagon da rana tsaka, abin da bai yi ba ko ranar auren Zakiya, ya hau tasi zuwa unguwar masana'antu ta Jidda, inda aka ce sabon ɗakin sanyin Abdulghani yake. Ya same shi, ƙaton gini ba taga. Leburori suna loda motoci. Ta ƙofar da ke buɗe ya hango kwalaye jere har rufi, fuskarsa a kan kowanne, ɗaruruwan Na'ibi suna ɗaga wuƙa. Abdulghani yana tsaye da takardu a hannu. Da ya gan shi ya buɗe hannuwa.

"Yaya. Wallahi yau nake cewa zan zo gida."

Na'ibi bai shiga hannuwan ba. "Ka samu saƙona?"

"Na samu. Zo mu shiga ofis, akwai sanyi."

"Na sha sanyi. Wa ya yanka waɗannan?"

"Musulmi, da takardarsu, da hatimi. Sai dai mutanenmu ba su cin hatimi, ka san su. Fuska suke so."

"Mai yiwuwa halal ne, ya fi nawa ma. Ban ce haram ba ne. Na ce ban gani ba."

Abdulghani ya yi murmushi irin na wanda ya riga ya shirya amsa. "Ka yanka a ƙasar ko ba ka yanka ba?"

"Rago ɗaya."

"To ina ƙaryar?"

Na'ibi ya kalli kwalayen, ya dawo da idonsa kansa. "Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"Da na tambaye ka, da ka ƙi."

Ya faɗe ta a sauƙaƙe, kamar mai faɗin farashin shinkafa. A nan Na'ibi ya gane cewa ba kuskure aka yi ba. Mutumin ya san shi ciki da bai. Ya san zai yi shiru kwana uku, ya san ba zai tuhume shi a gaban bare ba, ya san ba zai ci naman otal ba har sai an kawo masa rago. Da abin da suka koya a ɗaki ɗaya, a cinyar mace ɗaya, aka auna shi aka yanka.

"Yalla, Yaya, kada ka mai da abin babba. Ummu Zakiya ba ta ji daɗi ba? Ka bar katakon nan, ka zo in ba ka ofis. Inna da tana raye..."

"Kada ka kira ta a nan."

Ranar Juma'a bayan an sallame, Na'ibi ya miƙe a ƙofar masallacin unguwa, mutumin da bai taɓa magana a taro ba. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Larabci: hoton nasa ne, naman ba nasa ba ne, bai gani ba. Ya faɗi kwana goma sha uku, ya faɗi rago ɗaya, bai rage komai ba. Bai kira sunan kowa ba. Ya san abin da yake yi wa kansa. Da ya yi shiru, da ba wanda zai sani.

Wasu suka ce ya kyauta. Wasu suka ce, mutum da hankalinsa ya yi mako biyu yana kallon ruwa bai tambaya ba? Wasu suka ce raba riba ce ta haɗa su faɗa. Duk watan azumin ya bi baƙaloli da ƙaramar wuƙarsa yana roƙon a bar shi ya kankare fuskarsa daga kwalaye. Wasu suka bar shi, wasu suka kore shi. Bayan salla aka sauya hoton da na tunkiya, don ya riga ya gama aikinsa, naman ya shiga gidaje. Abdulghani ya aiko da mota sau biyu, ta koma ba kowa.

Na'ibi yana nan a shagonsa har yau, kuma ana saye. Mako biyu bayan salla Hajiya Saudatu ta dawo, ta gaishe shi da mutunci, ta tambayi Zakiya, ta nuna cinya. Ya tsaya da wuƙa a hannu yana jira. Ta ce, "Kilo biyu, ban da kitse." Ya yanka ya auna ya naɗe mata. Tun daga ranar ya lura ba mai yin tambayar kuma. Ba don sun ƙi shi ba ne, sun dai daina ganin amfaninta.

Rigunan ulun suna ƙasan akwati, Mastura ta ce ba za ta ba da su ba, ba kuma za ta sake ba da labarin talge ba. Da yamma in ya shigo gida da ƙunshin naman miya, takan tare shi a bakin kicin, ta riƙe ƙugu, ta ƙi karɓa.

"Abu Zakiya, ido ya gani?"

Ran farko ya ɗauka ba'a ce, ya ajiye ƙunshin a ƙasa ya wuce ɗaki. Ta bar shi a wurin har magariba, ba a ɗora miya ba. Yanzu yakan amsa, amma a hankali, yana kallon ƙasa.